Daga 1064 nm zuwa mikiron 3.3: OPO ko DFG, kuma da wane kiristal?

Ɗan_Lab:
Assalamu alaikum malamai. Akwai lesa Nd:YAG mai tsawon zango 1064 nm, ana son haske wajen mikiron 3.3 don auna iskar metan, tunda a nan take shan haske sosai. Koren 532 nm da ake samu ta ninka firikwensi ba shi da wuyar ganewa, foton biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya. To saukowa ƙasa fa? Kiristal ɗin rage wa haske gudu yake yi, ko kuwa cinye wani kaso na ƙarfinsa yake ya mai da shi zafi? Kuma wanne ya kamata a saya?

Dakta_Foton:
Wa alaikumus salam. Duka biyun ba haka ba ne. Haske yana rage gudu a kowane gilashi, amma firikwensinsa yana nan yadda yake, shi ya sa ja ke shiga ya fito ja. A kiristal irin litiyam nayobet, foton ɗaya na lesar, wanda ake kira famfo, shi ne ke rabuwa biyu, sigina da aidila. In ka haɗa ƙarfin biyun, daidai yake da na famfon, kiristal bai ci komai ba. A lissafin zango:

1/λ famfo = 1/λ sigina + 1/λ aidila

Kana son aidila 3300 nm daga 1064, ke nan sigina zai faɗa wajen 1570 nm. Ba ka da zaɓi a kan wannan.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa: idan haske ya yi ƙarfi ƙwarai, lantarkin da ke cikin kiristal ba ya bin filin hasken sau da ƙafa, ana samun wani kaso da ke tafiya da E², wato murabba'in filin hasken. Ɗauki igiyoyi biyu ka haɗa, ka ninka jimillar da kanta, za ka ga firikwensin jimilla da na bambanci sun fito. Wannan kaso, da ake kira χ(2), ba ya samuwa sai a kiristal da tsarinsa ba shi da cibiyar da ɓangarori ke kallon juna daidai wa daida. Gilashi da silikon ba su da shi. Franken da abokan aikinsa sun fara nuna ninkawa a Jami'ar Michigan a 1961, Giordmaine da Miller kuma suka kunna OPO na farko, wato kiristal mai raba foton biyu da aka sa tsakanin madubai, a Bell Labs a 1965, da litiyam nayobet.

Tun yanzu ka san iyakarka. Kowane foton na famfo aidila ɗaya yake haifarwa, don haka ko duk famfon ya juye, kashi 32 cikin 100 na ƙarfin ne kawai zai fito a 3300 nm, wato 1064 a raba da 3300. Sauran yana cikin sigina.

Malama_Sifektura:
Dakta, kafin a kai ga kiristal a tambaye shi: lesar mai ci gaba da haske ce ko mai bugu? Wat nawa? Firikwensi ɗaya take fitarwa ko da yawa? Amsar duk ta rataya a nan.

Ɗan_Lab:
Biyu ne, Malama. Ɗaya mai ci gaba, wat 2, firikwensi ɗaya. Ɗayar mai bugu, nanosakan 10, milijul 10 zuwa sama.

Injiniya_Madubi:
Ga abin da bai gane mini ba. Idan dokar ƙarfi kaɗai ce, ai 1064 na iya rabuwa 1500 da 3660, ko 2128 sau biyu. Me ke zaɓar guda?

Dakta_Foton:
Daidaiton taku ne ke zaɓa, Injiniya. Hasken uku ba gudu ɗaya suke yi a cikin kiristal ba, saboda n, lambar da ke nuna yadda kiristal ke rage wa haske gudu, ya bambanta da zango. Aidilan da aka haifa a bakin kiristal da wanda aka haifa can gaba dole kaɗawarsu ta zo tare, kamar lugude a turmi ɗaya: in taku ya daidaita aiki na ci gaba, in ya saɓa taɓarya ce ke dukan taɓarya. A litiyam nayobet, ga waɗannan zangunan, bayan mikiron 15 kacal taku ya riga ya juye, ƙarfin ya fara komawa cikin famfo. Kiristal mai tsawon milimita 50 ba zai fi na mikiron 15 amfani ba in ba a gyara wannan ba.

Gyara iri biyu ne. Na farko, kiristal mai n biyu gwargwadon alkiblar kaɗawar haske, kamar BBO, LBO ko KTP: a yanka shi a kusurwar da bambancin nan zai biya wancan. Na biyu, a juya alkiblar kiristal ɗin kansa duk bayan mikiron 15, ta yadda daidai lokacin da ƙarfi zai fara komawa sai alamar χ(2) ta juye, ya ci gaba da hawa. Wannan ne PPLN. Armstrong, Bloembergen, Ducuing da Pershan suka kawo dabarar a 1962, amma ba ta zama abin yi ba sai farkon shekarun 1990 da aka iya juya yankunan da wutar lantarki. Tazarar zagaye ɗaya:

1/Λ = n₁/λ famfo − n₂/λ sigina − n₃/λ aidila

Injiniya_Madubi:
Na sa n ɗin uku 2.16, 2.14 da 2.08, na samu mikiron 27. Masu sayarwa kuma 30 suke rubutawa.

Dakta_Foton:
Nasu ne daidai. Kana cire manyan lambobi daga juna don samun ƙaramar lamba wajen 0.033, saboda haka kuskure a gurbi na uku bayan ɗigo ya isa ya jefa ka mikiron uku gefe. Sai da lissafin Sellmeier, wanda ke ba da n a kowane zango, mai haɗe da zafi: na Jundt na 1997 ga litiyam nayobet zalla, na Gayer da abokansa na 2008 ga mai MgO. Kada a haɗa na wannan da kiristal ɗin wancan. Ko da lissafi mai kyau, a sayi kiristal mai layuka da yawa, misali 29.5 zuwa 31.5 da tazarar rabin mikiron. A zaɓi layi ta hanyar tura kiristal gefe, a ƙarasa saiti da zafin tanda.

Baba_Lesa:
Ni dai ina ganin an yi wa yaron nan saurin kai shi PPLN. Yana da mai bugu a hannu. KTP da aka yanka ta x, θ = 90°, φ = 0, in ka buga masa 1064 yana ba da sigina wajen 1572 nm da aidila wajen mikiron 3.3 ba tare da tanda ba, ba zamewar haske gefe. Shi ne ke cikin na'urorin auna nisa masu ƙarancin illa ga ido. Madubai biyu shimfiɗaɗɗu, kiristal milimita 20, an gama. Abin lura kawai kejin madubai ya zama gajere. Bugun nanosakan 10 tsawonsa mita 3 ne a sarari. In kai da komowar kejin santimita 20 ce, zagaye 15 ke nan, kuma a cikinsu sigina zai tashi daga kusan babu zuwa cikakken ƙarfi. Ƙara tsawon keji sau biyu, matakin kamawa, wato ƙarfin famfon da OPO ke buƙata kafin ya fara aiki, ya haura, wani lokaci har ya wuce abin da shafen kiristal zai iya ɗauka.

Malama_Sifektura:
Ranka ya daɗe, wannan zai kama, amma ba zai auna metan ba. Abu uku.

KTP yana fara shan haske daidai yankin da aidilan yake. Masu son 1572 ba ruwansu, zubar da aidila suke yi. Mai son aidila KTA yake nema, wanda ke barin haske har wajen mikiron 5.

Yankan 90° ba ya saituwa. Inda ya faɗa nan ya faɗa, layin metan kuma ba zai zo ya same ka ba.

Na uku ya fi nauyi. Faɗin layin metan a matsin iska na yau da kullum gigahaz kaɗan ne, uku zuwa huɗu. OPO mai bugu da ba a shuka masa iri ba faɗinsa ya ninka haka sau da yawa, mafi yawan haskensa zai wuce ta gefen layin ba a sha shi ba. Sai an cusa masa siririn haske daga diyod mai firikwensi ɗaya, a kulle tsawon keji da fizo, ɗan abin da ke motsa madubi da wutar lantarki, famfon ma a shuka masa nasa irin. Ana yi, lidar na jiragen sama haka suke aiki, amma ba aikin farawa ba ne.

Baba_Lesa:
Na karɓi na KTA da na faɗin layi. Amma a gaya masa kada ya kuskura ya sa PPLN gaban mai bugun nan yadda take. Kaurin PPLN yawanci milimita 1 ne ko rabi, saboda juya yankuna a litiyam nayobet zalla yana buƙatar kusan kilobolt 21 a kowace milimita. Mai MgO ya fi sauƙi, wajen 4.5, shi ya sa ake samun masu kauri. Cusa milijul 10 a haske mai faɗin milimita 0.6, ka samu jul 3.5 a santimita murabba'i, megawat 350. A nan fuskar kiristal ke fashewa. Milijul 1 ko 2 ya ishe shi.

Injiniya_Madubi:
To mai ci gaba fa, a yi OPO da ita. Kejin madubai huɗu, biyu masu lanƙwasa radiyos milimita 100, MgO:PPLN milimita 50, sigina kaɗai ke zagayawa. Irin wannan yana ba da aidila na wat, ba mikirowat ba.

Dakta_Foton:
Da wat 2 ba lallai ya kama ba. Wanda sigina kaɗai ke zagayawa matakinsa wat kaɗan ne. A aikin Bosenberg da abokansa na 1996, wat 3.6 ne, kuma sun juyar da kashi 93 na famfon, amma da famfo mai ninki da yawa na matakin. A ka'ida ana son kusan ninki 2.5, in an wuce sosai sigina da aidila su fara haɗuwa suna komawa famfo. Shafe mai kyau yana iya sauko da matakin, amma zama a bakinsa ba aiki ba ne. Sai an ƙara amfilifaya ta faiba mai itabiyam a kai wat 10.

Injiniya_Madubi:
A bar biyun su zagaya mana, sigina da aidila. Matakin yana sauka zuwa gomman miliwat.

Dakta_Foton:
Yana sauka, sai dai ka sayi ciwon kai. Yanzu sharuɗɗa uku ne lokaci guda: sigina ya dace da keji, aidila ya dace da keji, jimillarsu ta dace da famfo. Tsawon keji ya motsa da 'yan nanomita, sai ya yi tsalle zuwa wani firikwensi can nesa. Ga mai son ya bi ta kan layi ɗaya a hankali, wannan shi ne mafi munin zaɓi. Ga kuma neman madubi mai mayar da 1570 da 3300 tare yana barin 1064 ya wuce.

Malama_Sifektura:
Shi ya sa nake cewa DFG, wato haɗa haske biyu a kiristal a samu firikwensin bambancinsu. Ba keji, ba matakin kamawa. Ka kawo sigina da kanka: diyod DFB ta sadarwa wajen 1570 nm, ka ƙara mata ƙarfi da amfilifaya mai abiyam zuwa wat 1, ka haɗa da 1064 a cikin PPLN, bambancin ya fito a mikiron 3.3. Siririn aidila daga siririn lesa biyun yake. Saitinsa kuma a wutar diyod yake: sigina ya matsa nanomita 1, aidila ya matsa kusan 4.4 ta ɗaya ɓangaren. A duba amfilifayar, masu zangon C suna ƙarewa wajen 1565, wanda ke ba da 3324 nm. Mai son ƙasa da haka sai zangon L.

Ƙarfin kaɗan ne, ɗaruruwan mikirowat daga kiristal milimita 50. Amma na'urorin gano haske irin InSb mai sanyin ruwan naitirojin ko MCT mikirowat kaɗan ya wadatar da su. In ana son miliwat da yawa, akwai PPLN mai siririyar hanyar haske a ciki, sai dai ba ya son a cika masa wuta.

Ɗan_Lab:
Malama, in DFG ɗin ne, yaya za a jera kayan?

Malama_Sifektura:
Kowace lesa da aisoletarta mai hana haske komawa cikinta, sannan farantin rabin zango mai juya alkiblar kaɗawa. Hasken biyu dole kaɗawarsu ta bi z, wato ta kaurin kiristal, domin d33, lambar ƙarfin χ(2) ta wannan alkibla, ake amfani da shi, wajen 25 pm/V, wanda juyin yankuna ke ragewa da 2/π ya koma wajen 16. BBO wajen 2 yake, kuma riba da murabba'in lambar take tafiya. In ɗaya ya kaɗa a kwance ba za ka ga komai ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa.

A haɗa su da madubi mai mayar da ɗaya ya bar ɗaya. Kowane haske ya zo da nasa lens da madubai biyu na saiti kafin mahaɗa. Dalili: lens ɗaya ba ya tara 1064 da 1570 a wuri ɗaya, ƙugun ɗaya, wato inda hasken ya fi tsukewa, zai zauna gaba da na ɗaya da milimitoci. In faiba ɗaya ta kawo su tare, a tara su da madubi mai lanƙwasa maimakon lens.

Ƙugu wajen mikiron 60 ga 1064. Da b = 2πnw²/λ, wato tsawon da haske ke zama a tsuke, w kuma shi ne ƙugun, wannan yana ba da kusan milimita 46, daidai da tsawon kiristal. Sigina ya ɗan fi faɗi, wajen 70, don b ɗinsu ya zo ɗaya. A cire kiristal, a sa ƙaramin rami na mikiron 100 inda tsakiyarsa zai zauna, a tabbatar duka biyun suna ratsawa, sannan a duba su can nesa. Idan aka mayar da kiristal ƙugu yana matsawa gaba, kuma kafin ya faɗa a tsakiya sai an tura kiristal ɗin gaba da kusan L/2 sau (1 − 1/n), L shi ne tsawonsa, wato milimita 13 ga kiristal na 50. A gyara wannan.

Injiniya_Madubi:
Boyd da Kleinman ai 2.84 suka ce ga L/b tun 1968. Me ya sa kika tsaya a 1?

Malama_Sifektura:
Lambar nan ta ninkawa ce, ta DFG tana canjawa da rabon zangunan. Kuma ƙolin shimfiɗaɗɗe ne, abin da za ka ƙara daga 1 zuwa can ba shi da yawa. A madadinsa haske ya buɗe a bakin kiristal har ya fara gogar gefen milimita 1, zafi ya taru a tsakiya ya zama lens, aidila ya fito a baje.

Baba_Lesa:
Bayan kiristal ne ake yawan asara. Gilashin BK7 yana shanye abin da ya wuce mikiron 2.7, silika ta yau da kullum ma tana da ramin OH a nan. Lens ɗin tattarawa ya zama CaF2 ko ZnSe, madubai na zinariya. Jameniyam yana tare duk abin da bai kai mikiron 1.8 ba, amma kada a jefa masa wat 3 kai tsaye: zai yi zafi, na'urar ta ga zafinsa ka ɗauka aidila ne. A fara kawar da famfo da sigina da madubi zuwa matattara, jameniyam ya share saura. Wanda ba shi da shafe ƙasa da rabi yake bari ya wuce, a sa wannan a lissafi.

Gwajin gaskiya guda ne. A yanka haske ɗaya da faifan yanka, a karanta da lokin, na'urar da ke tsamo alamar da ke tafiya da saurin faifan kaɗai. Rufe famfo, alama ta ɓace. Rufe sigina, ta ɓace. In ta saura a ɗaya, ba aidila ba ne. Katin infirared ba ya ganin mikiron 3.3, kada a ɓata lokaci da shi. Amma akwai ɗan jan haske wajen 634 nm, jimillar 1064 da 1570, da ke fitowa ko ba a nema ba. Ƙaruwarsa na nuna hasken biyu sun hau kan juna, kuma ta hanyarsa aidila ke bi, da shi ake saita na'urar. Tabarau kuwa ya rufe 1064 da 1570 duka, a karanta abin da ke rubuce a jikinsa.

Ɗan_Lab:
Tanda fa? Wasu na cewa digiri 150, wasu 40.

Dakta_Foton:
Kiristal biyu suke magana a kai. Litiyam nayobet zalla yana da cutar da haske, musamman kore, ke tura caji gefe ya canja n, hasken ya watse ya zama tsinke ta z. Zafi sama da digiri 100, yawanci 150, yana sakin cajin. Mai MgO kashi 5 ya fi jurewa ƙwarai, yana aiki kusa da zafin ɗaki. Duk da haka a riƙe shi sama da zafin ɗakin, 50 zuwa 80, domin tanda mai hita kaɗai ba ta iya sanyaya, kuma ɗakin da ke kai 40 a bazara zai ƙwace mata saiti. Faɗin zafin da taku ke daidaita a milimita 50 digiri kaɗan ne, a riƙe shi cikin 0.1. Neman ƙoli: a hau digiri ɗaiɗai, a jira ya zauna, a rubuta. In an ga ƙoli ɗaya da ƙananan kafaɗu daidai a gefe biyu, lafiya. In ya karkace ko ya rabe, zafin bai game kiristal ba ko layukan ba su fita daidai ba.

A hau a sauka a hankali. Litiyam nayobet yana tara caji idan zafinsa ya canja, saurin canji kan jawo tartsatsi ko tsagewa. Inda ake ɗauke wuta, tandar ta zauna a kan batir. Ƙurar hunturu kuma in ta sauka a fuskar da wat 3 ke ratsawa, ƙonewa take ta bar tabo a shafe, don haka a rufe teburin.

Mai_Sa_Ido:
Tambayar da ba wanda ya yi: me zai hana a sayi lesa ICL mai mikiron 3.3? Tana aiki a zafin ɗaki, miliwat kaɗan, girman ɗan yatsa.

Malama_Sifektura:
In layi ɗaya na metan kaɗai ake so har abada, gaskiyarka, ita ce mafi sauƙi. DFB ICL nanomita kaɗan take saituwa. PPLN ɗaya kuwa, da canjin diyod da layi, yana kai ka daga wajen mikiron 3 zuwa 4, inda itan da fomaldihaid suke. Bayan 4 litiyam nayobet ya fara sha, wajen 5 ya rufe. Daga nan sai ZGP da famfon Ho:YAG na mikiron 2.09, ko GaAs mai juyayyun yankuna da ke kaiwa wajen 17. Shi GaAs ba a buga masa bugun da bai kai mikiron 1.7 ba, don yana haɗiye foton biyu-biyu. Ke nan 1064 ba ta da shiga can kai tsaye.

Ɗan_Lab:
To an tsaya a MgO:PPLN, milimita 50, kauri 1, layuka 29.5 zuwa 31.5. Akwai abin da za a ƙara a takardar oda?

Malama_Sifektura:
Shafen hana mayar da haske a zangunan uku, 1064, 1570 da 3300, ba biyu ba. Fuskar da ba shafe tana mayar da kusan kashi 13. Sannan ka ce a goge fuskokin da ɗan karkata, kamar digiri 1. In sun yi daidai da juna kiristal ɗin ya zama etalon, wato haske ya riƙa kai da komowa tsakanin fuskokin biyu, tazarar igiyoyinsa c/2nL, wajen gigahaz 1.4. Wannan ya yi kusa da faɗin layin da kake nema, kuma zai hau kan ma'auninka yana yawo da zafin tanda. Haka tagogin tulun gas da metan ke ciki, da jameniyam ɗin, duk masu karkata. Ka raba aidila biyu kafin tulun, kaso ɗaya ya tafi na'ura ta biyu don raba alamar da ita. Hanyar da ke waje da tulun kuma a taƙaita ta ko a busa mata naitirojin, domin iskar ɗaki kanta tana ɗauke da metan wajen kashi 2 cikin miliyan, ga layukan tururin ruwa a yankin, waɗanda ke ƙaruwa da damina.